Bugun Zuciya Ko Da Jijiya Ba Ta Toshe Ba

A wannan wata za mu yi magana a kan bugun zuciya. Kusan kowa ya taɓa jin an ce wane ya yanke jiki ya faɗi, an kai shi asibiti, likita ya ce zuciyarsa ce ta buga. Abin da aka saba ji shi ne kitse ne ya toshe masa jijiya. Yawanci kuwa haka abin yake. Amma akwai waɗanda zuciyarsu take bugawa, a kai su babban asibiti, a ɗauki hoton jijiyoyin, sai a tarar duk a buɗe suke, jini yana wucewa abinsa.

A nan ne matsala take. Da zarar an ce ba a ga toshewa ba, sai 'yan'uwa su fara maganganu. Wani ya ce raki ne. Wani ya ce ba ciwon asibiti ba ne, jifa ne ko iska. Mara lafiya ya ajiye magani, ya koma gona ko kasuwa. Wannan kuskure yana iya jawo asarar rai. Saboda haka ya kamata kowa ya san yadda abin yake.

YADDA ZUCIYA TAKE CIN ABINCINTA

Zuciya tsoka ce. Girmanta kamar dunƙulen hannun mai ita. Tana harbawa sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya idan mutum yana hutawa, wato kusan sau 100,000 a yini da dare. Aikinta shi ne tura jini zuwa ko'ina a jiki. Jinin ne yake kai wa gaɓoɓi abinci da iska mai kyau da muke shaƙa, wadda ake kira oksijin.

Duk mai noman rani ya san injin ban ruwa. Ruwa yana bi ta cikinsa yini guda, amma ba da ruwan yake aiki ba. Da mai yake aiki, kuma man yana shigar masa ta wani siririn tiyo. In tiyon nan ya toshe ko ya lanƙwashe, injin zai tsaya ko da kogi ya cika ya batse. Haka zuciya take. Cikinta cike yake da jini, amma namanta yana samun nasa rabon ne ta wasu jijiyoyi na musamman da suka kwanta a bayanta. Manyansu uku ne, kaurin kowace bai wuce na siririn kara ba. Daga nan suka rarrabu zuwa ƙanana masu yawa, har da waɗanda ido ba ya gani.

Kowace jijiya da yankin da take shayarwa, kamar yadda kowace hanyar ruwa take da fangalinta a lambu. Idan jini ya daina isa wani yanki na tsawon minti 20 zuwa 30, naman wurin zai fara mutuwa. Wannan mutuwar naman ita ce bugun zuciya. Naman da ya mutu ba ya dawowa, sai dai tabo.

YADDA AKA GANO

A shekarar 1980 wani likita a Amurka mai suna Marcus DeWood shi da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon hoton da suka ɗauka na jijiyoyin mutanen da zuciyarsu ta buga. Cikin waɗanda aka duba kafin awa 4, sun tarar 87 cikin 100 jijiyarsu ta toshe gaba ɗaya. Cikin waɗanda aka duba bayan awa 12 zuwa 24 kuwa, 65 cikin 100 ne kawai. Wannan ya koya wa likitoci darasi biyu. Na farko, toshewa ce babban dalili. Na biyu, ba kowa ake samu da toshewa ba, kuma wani lokaci abin da ya toshe yakan gushe kafin a duba.

Daga baya wani likita a ƙasar Ostareliya mai suna John Beltrame ya ba wannan hali gajeren suna, wanda likitocin duniya suke amfani da shi yanzu: Minoka. Ma'anarsa bugun zuciya ba tare da toshewar manyan jijiyoyi ba. Ana faɗin haka idan gwajin jini ya nuna naman zuciya ya ji rauni, amma hoto bai nuna wata babbar jijiya da ta tsuke har rabi ba. A shekarar 2019 ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta fitar da takarda ta musamman a kan yadda za a riƙa bincikarsa. Cikin mutum 100 da zuciyarsu ta buga, akan sami kamar 6 masu irin wannan. A wasu wuraren adadin ya fi haka.

ME YAKE KAWO SHI?

Dalilin ba ɗaya ba ne. Ga manya daga ciki.

1. Shaƙewar jijiya. A jikin kowace jijiya akwai 'yar siririyar tsoka da take sa ta buɗe ko ta tsuke. Wani lokaci tsokar nan takan ɗaure tamau, kamar yadda damtsen ƙafa yake ɗaurewa da dare. Sai jijiya ta matse, jini ya tsaya, tamkar an taka tiyo da ƙafa. Bayan wasu mintoci ta saki. Kafin a kai ga ɗaukar hoto ta koma daidai. Wani likitan Amurka, Myron Prinzmetal, ya yi bayanin wannan ciwo tun shekarar 1959. Alamarsa ita ce ciwon ƙirji yakan zo ne mutum yana hutawa, galibi daga tsakar dare zuwa asuba. Babban mai jawo shi shi ne shan taba sigari. Sauran su ne hodar iblis, da ƙwayoyin hana barci da ƙarin ƙarfi da wasu matasa da direbobi suke sha, da sanyi mai tsanani, da tashin hankali.

2. Gudan jini da ya zo ya wuce. Kitse yakan taru kaɗan a bangon jijiya, bai kai ya tare hanya ba. Wata rana sai saman kitsen ya fashe ko ya ɗaye. Jini ya daskare a wurin, ya toshe hanya na ɗan lokaci. Daga nan jiki da kansa ya narkar da gudan, ko ya farfashe ya gangara cikin ƙananan jijiyoyi. Ɓarna ta riga ta auku, amma ɓarawo ya tsere kafin a haska fitila.

3. Gudan jini daga wani wuri. Masu ciwon ƙofofin zuciya, da waɗanda zuciyarsu take harbawa ba bisa tsari ba, jini yakan daskare musu a cikin zuciya. Ɗan gutsure zai iya ɓallewa ya faɗa jijiya. Ciwon ƙofofin zuciya sau da yawa yana samo asali ne daga ciwon maƙogwaro da ba a yi wa yaro maganinsa ba tun yana ƙarami.

4. Tsagewar bangon jijiya. Bangon jijiya hawa-hawa ne, kamar ɓawon albasa. Yakan tsage daga ciki, jini ya kutsa tsakanin hawa da hawa, ya kumbura ya matse hanya. Wani lokaci ana ganinta a hoto, wani lokaci sai an duba da kyau. Cikin mutum 10 masu wannan, kamar 9 mata ne, kuma da yawansu ba su tsufa ba. Ita ce kan gaba wajen kawo bugun zuciya ga mai ciki da mai jego, musamman a watan farko bayan haihuwa. Abin farin ciki shi ne yawanci tsagar takan warke da kanta cikin makonni ko watanni, in ana ƙarƙashin kulawar likita.

5. Ciwon ƙananan jijiyoyi. Babbar hanyar ruwa lafiya lau take, amma ƙananan da suke shiga fangali sun lalace. Hoton asibiti manyan kawai yake nunawa. Wannan ya fi samun mata, da masu ciwon suga, da masu hawan jini. Masu amosanin jini, wato sikila, su ma jininsu yakan maƙale a ƙananan jijiyoyi, har da na zuciya.

6. Aiki ya fi ƙarfin abinci. Idan jinin mutum ya yi ƙaranci ƙwarai, kamar bayan zubar jini wajen haihuwa, ko zuciya ta yi ta gudu fiye da ƙima, naman zuciya zai buƙaci abin da jijiya ba za ta iya kawowa ba. Kamar jaki ne aka labta wa kaya aka hana shi harawa.

CUTUTTUKA BIYU MASU KAMA DA SHI

Akwai cututtuka biyu da suke zuwa da kamannin bugun zuciya sak, har gwajin jini ya nuna rauni. Likitoci suna ware su daban, domin maganinsu daban ne.

Ta farko ita ce kumburin naman zuciya. Ƙwayar cuta irin mai kawo mura ko zazzaɓi ce takan kai ga zuciya. Mutum ya yi mura, bayan kwana kaɗan ko mako biyu sai ciwon ƙirji da haki su taso. Ta fi kama samari. Mai wannan ciwo dole ya bar aikin ƙarfi, da ƙwallo, da kokawa, na wasu watanni.

Ta biyu sunanta takotsubo. Likitocin ƙasar Japan ne suka fara bayaninta a shekarar 1990. Takotsubo wata tukunya ce da masuntan ƙasar suke kama wata halittar teku da ita. Wuyanta siriri, gindinta fankacece, kamar tulu. An ba ciwon sunanta ne domin a hoto zuciyar mara lafiya takan koma kamar tulu: ƙasanta ya buɗe ya daina motsi, samanta kaɗai yake matsawa. Mummunan labari yana kawo shi, kamar rasuwar miji ko ɗa, ko gobara, ko firgita. Ciwo mai tsanani ko tiyata ma suna kawo shi. Jiki yakan saki sinadarin tsoro da yawa a lokaci guda, har ya sumar da naman zuciya. A shekarar 2004 an yi girgizar ƙasa a yankin Niigata na Japan, kuma likitocin wurin sun ga masu wannan ciwo sun ƙaru a makonnin da suka biyo baya. Cikin mutum 10 masu shi, kamar 9 mata ne, yawancinsu waɗanda suka daina al'ada. Galibi zuciyar takan koma daidai cikin makonni, amma kwanakin farko suna da haɗari.

Ke nan da Bahaushe yake cewa baƙin ciki yana sa ciwon zuciya, bai yi ƙarya ba. Idan tsohuwa ta dafe ƙirji a wurin zaman makoki ta ce numfashinta yana sarƙewa, kada a tsaya ga ba ta haƙuri kawai. A kai ta asibiti.

SHIN YANA DA HAƊARI?

Yana da shi. A da likitoci ma sun ɗauka abu ne mai sauƙi. Bincike ya nuna ba haka ba ne. A ƙasar Suwidin an bi diddigin mutum fiye da 9,000 masu irin wannan bugun zuciya, aka fitar da sakamako a shekarar 2017. Cikin kamar shekara 4, kusan mutum 1 cikin 4 ya sake gamuwa da babbar matsala: ko wani bugun, ko shanyewar ɓarin jiki, ko gazawar zuciya, ko mutuwa. Binciken ya kuma nuna waɗanda suke shan maganin rage kitsen jini da wani nau'in maganin hawan jini sun fi samun sauƙi.

Wani abin lura shi ne wannan nau'i yana samun mata da masu ƙananan shekaru fiye da yadda bugun zuciya na toshewa yake samunsu. Mutum yana iya zama siriri, mai ƙarfi, yana noma, ba hawan jini ba suga, ya same shi. Kada a ce ciwon masu kuɗi ne ko na masu tumbi.

ALAMOMI

Alamominsa ɗaya ne da na kowane bugun zuciya. A gida ba mai iya bambancewa.

1. Ciwo ko nauyi a tsakiyar ƙirji, kamar an ɗora dutsen niƙa, ya wuce minti 15 bai lafa ba.
2. Ciwon ya bi hannu, musamman na hagu, ko kafaɗa, ko wuya, ko muƙamuƙi, ko tsakiyar baya.
3. Gumi mai sanyi ba tare da an yi aiki ba.
4. Haki ko sarƙewar numfashi.
5. Tashin zuciya, ko amai, ko zafi a ƙahon zuci.
6. Jiri, ko suma, ko gajiya ta ban mamaki.

Mata, da tsofaffi, da masu ciwon suga, wani lokaci ba sa jin ciwon ƙirji sosai. Haki da gajiya da amai kawai za a gani. Da yawa sukan ce gyambon ciki ne, su sayi magani a kemis su kwanta. Wannan jinkiri ne yake kashe mutane.

ABIN DA ZA A YI NAN TAKE

A zaunar da mara lafiya, a jingina bayansa, a sassauta masa tufafi. Kada ya tashi ya yi tafiya, kada ya tuƙa babur da kansa. A nemi mota a kai shi asibiti mafi girma da za a iya kaiwa. Kada a jira gari ya waye. Kada a tsaya jiƙo, ko hayaƙi, ko ƙaho, ko tsaga. Kowane minti naman zuciya yake ci.

Idan akwai asfirin a kusa, babban mutum zai iya tauna miligiram 300. Amma ban da mai gyambon ciki, da mai zubar jini, da wanda asfirin ba ya karɓarsa. Idan ya suma, kada a ɗura masa ruwa ko wani abu a baki. Idan numfashi ya tsaya, a kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, a ɗora hannu biyu a tsakiyar ƙirjinsa, a riƙa dannawa da ƙarfi da sauri, sau 100 zuwa 120 a minti, har a sami taimako.

Ko da ciwon ya lafa a hanya, kada a juyo gida. Mun riga mun ga cewa jijiya tana iya shaƙewa ta saki, ta kuma sake shaƙewa.

ABIN DA ZA A YI A ASIBITI

Da farko za a liƙa wa mara lafiya wayoyi a ƙirji da hannu da ƙafa, na'ura ta zana yadda zuciya take harbawa a takarda. Ba zafi, ba ta jan mutum. Za a ɗebi jini a nemi wani sinadari mai suna turofonin, wanda yake fita daga naman zuciya idan ya ji rauni. Akan maimaita gwajin bayan wasu awoyi. Za a kuma haska zuciya da irin na'urar da ake duba mai ciki.

Hoton jijiyoyi kuwa sai a manyan asibitoci masu likitocin zuciya. Ana zura siririn tiyo ta jijiyar hannu ko ta cinya har zuwa zuciya, a tura wani ruwa mai fitowa a hoto. Idan an tarar jijiyoyi a buɗe, aiki bai ƙare ba. Yanzu ne ma za a fara neman dalili. Akwai babbar na'urar hoto mai aiki da maganaɗisu, wadda take bambance mataccen nama da kumburi da takotsubo. Ba kowane asibiti yake da ita ba, kuma da tsada. In likita ya tura ku, dangi su haɗa hannu.

Kada ku ji nauyin tambaya. Ku ce: “Likita, tun da jijiya ba ta toshe ba, me ya kawo ciwon? Wane magani zai sha, har zuwa yaushe? Yaushe za mu dawo?” Magani yana bin dalili ne. Mai shaƙewar jijiya ana ba shi maganin da yake sassauta ta. Mai gudan jini ana ba shi mai tsinka jini. Mai tsagewar jijiya sau da yawa hutu da kulawa yake buƙata. Don haka kada wani ya ari maganin wani.

BAYAN AN DAWO GIDA

1. A sha magani yadda aka faɗa, ko da an ji garau. Kada a daina sai likita ya ce.
2. A bar taba gaba ɗaya, a bar ƙwaya. Mai shan taba a ɗaki yana cutar da matarsa da 'ya'yansa.
3. A riƙa auna hawan jini da suga a asibitin da yake kusa.
4. A rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano da kanwa da maiƙo. A yawaita ganye irin su zogale da rama da alayyafo, da wake, da 'ya'yan itace.
5. A koma aiki sannu a hankali. A fara da 'yar tafiya a ƙafa. Huɗa, da faskare, da daka, da ɗaukar buhu, sai likita ya ba da izini.
6. A adana takardun asibiti a wuri ɗaya, a riƙa tafiya da su duk lokacin da za a ga likita.
7. Matar da ta taɓa samun wannan ciwo ta shawarci likita kafin ta sake ɗaukar ciki.

Kalma ɗaya ga mazaje da iyaye mata game da mai jego. Tun cikin shekarun 1970 likitoci a Zariya suka yi bayanin wata gazawar zuciya da take samun mata bayan haihuwa, suka danganta ta da yawan shan kunun kanwa da zafin wankan jego da kwanciya a gadon wuta. Ita daban ce da bugun zuciya, tana zuwa da haki da tari da kumburin ƙafa. Amma darasin ɗaya ne. Mai jego in ta ce ƙirjinta yana ciwo ko numfashi yana yi mata wuya, kada a ce sai ta yi arba'in. A kai ta asibiti a ranar.

Mara lafiya kuma yana buƙatar a yarda da shi. Wanda aka ce masa raki yake yi, gobe in ciwon ya dawo zai yi shiru, ya daure, har lokaci ya ƙure. Mu rage masa aiki, mu rage masa ɓacin rai, mu tuna masa ranar komawa asibiti.

Jama'a, abin da za mu riƙe shi ne wannan. Jijiya a buɗe ba ta nufin zuciya lafiya take. Ciwon ƙirji da ya wuce minti 15, ga namiji ko mace, yaro ko babba, maganinsa hanyar asibiti. Hausawa sun ce da muguwar rawa gara ƙin tashi, kuma rigakafi ya fi magani. Ku isar da wannan bayani ga iyalanku da maƙwabtanku. Sai mun sake saduwa a wata mai zuwa.